Shekarar da Gari Ya Ƙi Baba

Bana marka ta yi yawa. Tun da watan nan ya kama rana ba ta fito ta busar da zane ba, katangar bayan ɗakina ta sha ruwa har ta fara zubar da ƙasa, kwaɗi kuwa sai ka ce su aka bar wa gari. Jiya da hantsi jikokina suka dawo daga bakin gulbi da bado cike da ƙwarya, suna ɓarewa suna jifan juna suna dariya. Ƙaramarsu ta miƙo mini ɗaya, ta ce, "Kaka, ci ki ji." Ban karɓa ba. Warin nan na laka da ɗanyen ganye ya cika mini hanci. Su wasa suke yi da shi. Mu kuwa akwai shekarar da shi ne tuwonmu.

Garinmu yana gabas da Haɗejiya, a bakin kogi, in ka miƙi hanyar Guri. Unguwa biyu ne. Akwai Unguwar Tudu ta manoma, akwai Unguwar Gangare ta masunta. Kowace da babbanta. Babban manoma shi ne mahaifina, Sarkin Noma Mati. Babban masunta kuwa Tanko ne, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tumbi, wanda in ya yi dariya a bakin ruwa ana jiyo shi a masallaci. Baba ba haka yake ba. Dogo ne, siriri, ba ya yawan magana, kuma in yana gaisawa da mutum idonsa na kan gonar mutumin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Inna yake kirana, kuma a nan kaɗai nake jin muryarsa ta yi laushi.

A lokacin ban daɗe da aure ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, har yau bakina bai iya faɗin sunansa ba, amma mutane Gana suke ce masa, don kakanninsa daga gabas suka zo, ta wajen tafki. Manomi ne, ɗan Unguwar Tudu, kuma a gonar Baba ya koyi riƙe garma.

Da bazarar shekarar nan Bulamanmu, wato mai garin, ya rasu bai bar ɗa namiji ba. Jakadan hakimi ya zo ta'aziyya, ya ce a bari sai an yi kaka, masu gida su daidaita a kan wanda suke so, a kai shi a naɗa. Kafin nan Sarkin Noma ya riƙe gari. Ba wanda ya yi musu. Tanko ma cewa ya yi, "Wa zai riƙe in ba shi ba? Ni ko kwale-kwalena da ƙyar nake riƙewa." Aka yi dariya aka watse.

Damina ta faɗi da kyau. Gero ya fito, ya yi baƙi ƙirin, har ya fara fitar da kai. Sai wata safiya muka je ɗiban ruwa muka tarar kogi ya yi ja kamar an dama masa kanwa da jar dawa, yana tafe da kara da rassan itace, har da mushen akuya. Ruwan ba namu ba ne, daga yamma yake zuwa. Baba ya kafa sanda a bakin gaɓa da asuba. Kafin azahar ba a ganin sandar.

Aka buga gangar gayya. Baba ya ce a yi jinga, wato a tara ƙasa a kewaye gari ta gefen kogi. Maza suna haƙa da fartanya, mu mata muna jida a kwando, tsofaffi suna jera kara da kaba don ƙasar ta kama. Sama tana zuba, ƙasa tana tsatsa. Laka ta ci mana tsakanin yatsu har suka yi fari suka tsage. Sauro kuwa ko da rana bai bar mu ba. Abinci a tsaye ake ci, gumba ce ake dunƙulawa a miƙa maka, ka haɗiye da ruwan sama. Muka kwana muka wuni muna yi, amma duk abin da muka ɗora da safe, da yamma ruwa ya kamo shi.

Rannan bayan la'asar Baba ya tara maza a kan jingar. Ina kusa, na sauke kwando ina hutawa. Ya nuna fadamar da ke kudu da gari, inda gonakin Unguwar Tudu mafi kyau suke, ya ce, "Za mu fasa gaɓa ta can, ruwan ya sami wurin zuwa. Ko mu ba shi gona, ko ya ɗauki gari."

Sai Tanko ya ce, "Haba Sarkin Noma! Ruwa fa ni na san shi, a cikinsa aka haife ni. Wannan cika ce ta ƙarshe, gobe war haka ya ja baya. Geron da ya kusa nuna za ka ba kogi?"

Baba ya ce, "In ya ja baya gobe, ku ce na cuce ku."

Ya saɓi fartanyarsa ya tafi shi kaɗai. Ta kan gonarsa ya fara sara. Da mutane suka ga haka suka bi shi, wasu suna sara suna hawaye. Washegari ruwa bai ja baya ba, ƙaruwa ma ya yi. Fadama ta zama tafki, sai kawunan gero kawai ke leƙe. Masunta suka shiga da kwale-kwale suna yanko abin da ya yi ido. Amma ko ɗaki ɗaya bai faɗi a garinmu ba. Mutanen wani ƙauye da ke ƙasa da mu kuwa, a kan gora suka iso mana, da 'ya'ya a wuya, ba su fito da komai ba sai ransu.

Da ruwa ya fara janyewa Baba ya yi abu na biyu. Ya ce duk hatsin da ke garin, tsoho da sabo, a kawo shi rumbunan da ke tudu a haɗa. Ya ware mafi kyawun zangarniya ya zuba a rumbu ɗaya, ya liƙe bakinsa da yumɓu da hannunsa, ya ce wannan iri ne, ba na ci ba ne. Sauran kuwa kullum da safe matar kowane gida ta zo da ƙwarya a auna mata. Shi da kansa yake tsayawa a wurin awo. Bai taɓa wakilta kowa ba.

Da fari ba mu ji jiki ba, don kifi ya yi yawa a shekarar. Duk kududdufin da ruwa ya bari cike yake da tarwaɗa da karfasa, yara ma da hannu suke kamawa. Gari ya cika da hayaƙin banda. Muka ci kifi har ya fita ranmu, har mutum ya riƙa mafarkin tuwo. Maza suka ɗora busasshen kifi a jakuna suka nufi Birniwa da Kaugama neman musayar hatsi, suka dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don su ma can tsuntsayen jan baki sun sauka musu a gonaki. Aka shuka wake a danshin da ruwa ya bari, ya ɗan taimaka. Amma da rani ya yi nisa, kududdufai suka ƙafe, kifi ya ƙare, ƙwaryar awo ta fara ƙanƙancewa.

Nan muka koma ga bado. Da sassafe za mu fita, mu shiga laka har gwiwa muna lalube da ƙafa, mu tono shi, mu shanya, mu daka, mu tankaɗe. Tuwonsa toka-toka ne, yana da ɗan bauri, kuma ba ya zama a ciki. Ka ci yanzu, kafin ka wanke hannu ka ji kamar ba ka ci ba. Muka ci goriba har haƙoranmu suka mutu. Muka ci aduwa da magarya. Tsofaffin mata suka nuna mana yadda ake haƙa gidan tururuwa a kwashe 'yan ƙwayoyin da suka tara. Azumi ya zo ya same mu a haka, kuma in ban da kiran salla ba mu ga bambancinsa da sauran watanni ba.

A lokacin ina da ciki, har ya fito sosai. Wata safiya jiri ya ɗebe ni a wurin awo har sai da na dafa rumbu. Da aka zo kaina na rage murya na ce, "Baba, ko ɗan tafin hannu ne a ƙara mini. Ba don ni ba."

Ya dube ni, ya dubi cikin. Ya ce, "Inna, Falmata ma ciki gare ta, ga ta nan a bayanki. In na ƙara miki, da wane ido zan dube ta?"

Ya shafe bakin ma'aunin da hannu kamar yadda yake yi wa kowa. Na koma gida ina kuka. Maigidana yana zaune a zaure yana tufkar igiya, ya ga idona, ya ga ƙwaryar, ya ci gaba da tufkarsa. Daga baya na ji a bakin mahaifiyata cewa tun daga ranar Baba ya daina cin rabonsa na dare, ita ce take lulluɓo mini shi a ce daga gare ta ne. Ya kuma hana ta faɗa.

Bazara ta zo da zafin da ban taɓa ji ba. Ƙasa ta tsage har ƙafar yaro tana shigewa. Da rana ba mai motsi, kowa yana kwance a inuwa yana jiran la'asar, karnuka ma sun daina haushi. A irin wannan tsakar ranar ce aka ji ana sara a tudu. Wani mai saƙar tabarma ne, Ari, mutumin da ko kaza bai taɓa kora da ƙarfi ba. 'Yarsa ce ba lafiya, ta ƙi tuwon bado, ba abin da take kira sai kunun gero. Ya ɗauki gatari ya huda rumbun iri, ya cika hularsa.

Baba ya same shi a wurin. Ya karɓi hular ya juye geron a rumbu, ya kwaɓa yumɓu ya toshe. Sannan ya sa aka ɗaure Ari a gindin tsamiyar tsakiyar gari har la'asar. Ba a doke shi ba. Amma duk wanda ya zo wucewa ya gan shi. Ari bai roƙi kowa ba, kansa a ƙasa, gumi yana ɗiga ta gemunsa. Da yamma Baba ya kwance shi da hannunsa, ya sa aka auna masa gero daga rumbun ci don a yi wa yarinyar kunu. An yi kunun. Ta sha kaɗan. Bayan 'yan kwanaki ta rasu.

Tanko ne ya ɗauki gawar a hannunsa har maƙabarta, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya wuni a gidan makoki, ya kawo ɗan guntun kifin da ya ɓoye. Baba ya zo, ya tsaya a bakin zaure, ya yi addu'a, ya shafa, ya wuce duba rumbu.

Tanko a wannan lokacin kullum maganarsa ɗaya ce, a buɗe rumbun iri a ci, in damina ta zo Allah zai kawo wani. In ya faɗa, mutane su dubi Baba, Baba ya ce a'a, magana ta ƙare. Ban taɓa jin wani ɗan Unguwar Tudu ya goyi bayan Tanko a fili ba. Ko sau ɗaya.

Ranar da ruwan fari ya sauka, ƙamshin ƙasa ya tashi, mutane suka fito tsakar gida suka tsaya yana dukansu. Baba ya fasa yumɓun. Amma kafin ya raba irin sai da ya sa aka cuɗe shi da toka da fitsarin shanu, don kada wani ya kai gida ya dafa. Ya kuma riƙa bin gona gona yana duba ramin shuka. Har yau ina ganin hannun maigidana yana zuba gero a ƙasa, cikinsa yana kuka ina ji daga inda nake.

Yunwar da ta fi kowace ita ce ta bayan shuka, lokacin da gona ta yi kore shar, ka gani da ido ba ka da halin ci. Tafasa da rama su suka riƙe mu. A cikin haka na haihu, namiji, ɗan mitsitsi kamar ɓera, amma ya rayu. Sannan gero ya yi ido, aka fara gasa tumu. Ranar da na fara sa shi a baki muƙamuƙina ya yi ciwo, don ya manta tauna.

Kakar shekarar ba a taɓa yin irinta ba. Ambaliya ta bar wa fadama sabuwar ƙasa, kowace zangarniya kamar damtse. Ƙauyukan da suka cinye irinsu kuwa, wajenmu suka zo ƙodago. Mata in suna daka sai su sa sunan Baba a waƙa. Mutane suka riƙa kawo dami suna ajiyewa a ƙofar gidanmu, yana sa ana mayar musu. Liman ya yi masa addu'a ranar Juma'a, kowa ya ce amin da ƙarfi. Don haka da jakadan hakimi ya dawo a kan maganar sarauta, wadda ambaliya ta sa aka ɗage, ba wanda ya ɗauka akwai wata magana. Mahaifiyata har ta sa an wanke babbar rigar Baba an buga. Masunta dai sun ce sai an sa da Tanko, don kada a ce unguwarsu ba ta da mutum. Kuma manoma sun fi masunta yawa nesa ba kusa ba.

Da hantsi aka taru a gindin tsamiya. Aka shimfiɗa tabarmi biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, Baba a kan ɗaya, Tanko a kan ɗaya, jakada da liman a tsakiya. Aka ce kowane mai gida ya je ya zauna a bayan wanda yake so. Mu mata muna leƙe ta zanan gidan da ke kusa, ni da jariri a baya.

Masunta suka fara, suka tafi wajen nasu. Ba abin mamaki. Sai wan mahaifiyata ya taso, dattijon da gonarsa ke maƙwabtaka da ta Baba. Ya zo gaban Baba ya durƙusa, ya ce, "Sarkin Noma, Allah ya saka maka da alheri, ka riƙe mu." Baba ya ce amin. Sai dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya wuce yamma ya zauna a bayan Tanko.

Na ce a raina tsufa ne, ya ruɗe. Sai na biyu ya zo, shi ma ya durƙusa, ya yi godiya, ya wuce. Na uku ma haka. Ba wanda ya wuce bai gaishe shi ba, ba kuma wanda ya ɗaga murya. Ba wanda yake duban wani. Matar da ke kusa da ni ta kama hannuna ta ce, "Me ke faruwa?" alhali mijinta ne ya wuce a lokacin. Tanko kansa ya daina murmushi, yana ta waige yana duban mutanen da ke taruwa a bayansa kamar wanda aka biyo da sanda.

Sai ga maigidana. Na ga ya nufi Baba kai tsaye, na ce alhamdu lillahi. Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya bi sahun sauran.

A ƙarshe bayan Baba ba kowa sai ƙannensa biyu da wani tsoho kurma, wanda har yau ban tabbata ya gane abin da ake yi ba. Mutum na ƙarshe da ya taso shi ne Ari. Shi kaɗai ne bai gaishe da Baba ba. Ya zo ya wuce ta gabansa ko kallo bai yi masa ba, ya zagaya, ya zauna a bayansa.

Jakada ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya ce to, ya gani. Baba ya miƙe, ya je ya ba Tanko hannu, ya ce, "Allah ya taya ka riƙo, Bulama." Ya naɗe tabarmarsa da kansa ya saɓa ya tafi gida.

Na yi kwanaki ba na yi wa maigidana magana sai ta dole. Rannan na ajiye masa tuwo, na kasa daurewa, na ce, "Malam, me Baba ya yi maka?"

Ya ce, "Bai yi mini komai ba sai alheri."

"To wa ya haɗa ku? A ina kuka ƙulla?"

"Wallahi ba wanda ya ƙulla. Ni na ɗauka ni kaɗai ne zan..." Ya ce, "A'a, ba haka ba ne ma. Na fita daga gidan nan da niyyar zama a bayansa. Na durƙusa, ya ɗago ido ya dube ni, sai na ji kamar ƙwarya ce a hannuna ina jiran awo. Ban san lokacin da ƙafata ta wuce ba."

Na ce, "Ai kai ba ka taɓa zuwa awo ba. Ni ce nake zuwa."

Ya ce, "Na sani."

Iyakar abin da na samu daga gare shi ke nan har ya bar duniya.

Na tambayi wasu. Wan mahaifiyata cewa ya yi saboda fasa gaɓa ne, wai da an bari wataƙila da gero ya tsira. Na ce ai ya ga ƙauyen da ba su fasa ba. Ya ce ya gani, sannan ya shiga zancen wani abu. Wata ta ce don ɗaure Ari ne, ba a yi wa mai 'ya a kwance haka. Wata ta ce a'a, Tanko ya iya zaman makoki, Baba kuwa bai iya ba. Falmata, wadda muka yi goyon ciki tare, ta ce mini a bakin kogi, "Babanki maɗaci ne. Ya warkar da mu. Amma wa ke ci gaba da shan maɗaci bayan ya warke?" Wannan ta zauna mini na ɗan lokaci. Sai dai kuma na ga mutanen nan dai, da an ga hadari ko an ga tsutsa a gona, ƙofar Baba suke zuwa, ba ta Bulama ba. Su tambaya, ya faɗa, su yi yadda ya ce.

Wata rana na je sayen tabarma wajen Ari, ko da yake ba tabarmar ce ta kai ni ba. Na ce, "Baba Ari, kai da ka fi kowa dalili, me ya zaunar da kai a bayansa?"

Bai ɗago daga saƙarsa ba. Ya ce, "In na zauna a yamma, na ce ke nan da an buɗe rumbun nan ba abin da zai faru. In kuwa haka ne, a banza 'yata ta tafi." Ya ja kaba ya ƙulle. Ya ce, "Amma kada ki je ki ce masa na yafe. Ban yafe ba."

Tanko ya yi sarautarsa shekaru masu yawa. Ba a ga wani abin kirki na musamman ba, ba a ga ɓarna ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a kakar farko ya sa aka gina rumbun iri a tudu, aka liƙe shi da yumɓu, ya ce duk wanda ya taɓa zai gamu da shi. Mutane suka riƙa cewa kai, Bulama Tanko akwai hangen nesa. A gabana ake faɗa, ba kuma da gatse ba.

Baba bai taɓa tayar da zancen ba. Da damina ta zagayo aka buga gangar gyaran jinga, ya fito da kwandonsa cikin samari yana jidar ƙasa, Tanko yana tsaye a sama yana ba da umarni, rabin umarnin kuma sai ya saci kallon Baba kafin ya faɗa. Da rana ta take na kai masa kunu. Ya zauna a kan jingar, laka har gwiwa, ya karɓi ƙwaryar. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Baba, ni fa har yanzu ban gane ba."

Ya san abin da nake nufi. Ya daɗe yana juya ludayi. Ya ce, "Inna, na yi tunani har na gaji. Wata rana in ce butulci ne. Wata rana in ce sun yi daidai. Wata rana in ce su ma ba su sani ba."

"To kai me ka gani?"

Can sama Tanko ya ƙyalƙyale da dariya, wani saurayi ne santsi ya kwashe da kwando a ka. Duk jingar ta ɗauka, har wanda ya faɗin. Baba ya juya yana kallonsu.

Ya ce, "Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, ran nan ina zaune suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, na duba yamma na ga duk mutanen da na sani suna can, kafaɗa da kafaɗa. Sai na ji ni ma ina so in tashi in koma cikinsu."

Ya kafa kai ya shanye kunun, ya goge baki da bayan hannu, ya miƙo mini ƙwaryar. Ya ce, "Ya yi kauri da yawa. Kuna ɓarnar gero."

Ya ɗauki kwandonsa ya gangara.